Farin Kwanon Hurbanu Apa

Duk wanda ya ce muku Hurbanu Apa mai sanyin hali ce, to bai taɓa haɗa bango da ita ba. Ni na haɗa, tun ina amarya har ga shi ina da jikoki. Ɗakuna shida ne a jere a lungunmu na Behrampura, cikin birnin Ahmedabad, rufin kwano ɗaya ya lulluɓe su duka. Wanda ya gina su ya yi rowar bulo, don haka bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki bai kai rufi ba, akwai tazarar kamu guda a sama. Nawa ne na ƙarshe, nata ne ke manne da shi. Ta wannan tazarar take jin faɗana da mijina Gulamnabi, ta nan nake jin tarinta, ta nan ƙamshin miyarta yake tsallakowa ya kunyata tawa. Saboda haka in na ba da labarinta, ba jita-jita nake kawowa ba.

Daga wani ƙauye kusa da Dholka aka kawo ta, lokacin da masaƙun Ahmedabad ke aiki dare da rana. Mijinta Yasin-bhai a masaƙa yake. Da aka rufe masaƙar ya koma tura amalanken kayan gwari. Wata rana cikin watan Mayu ya dawo da azahar, ya ce kansa na sarawa, ya kwanta a ɗakin nan don ya ɗan huta, bai sake tashi ba. Ya bar ta da ɗa guda, Mustak, ko makarantar firamare bai gama ba.

Da patang ta raine shi, jirgin takardar nan da ake tayarwa da zare. Garinmu yana cinye patang ɗin shekara guda a bikin watan Janairu, don haka masu haɗa shi ba su da hutu. Tun safe za ta miƙe ƙafa a ƙasa, tarin takarda kala-kala a dama, tsinken gora a hagu, kwanon gam a gaba. Ta lanƙwasa, ta shafa, ta manna, ta jefa gefe. Ƙarar takardar nan, kacau-kacau, ita ce rediyona. Tana aiki tana gyara wa duniya zama: ta ce gishirina ya yi yawa alhali ba ta ɗanɗana ba, ta ce wa mai shara ya koma ya sake, ta ce wa liman huɗubarsa ta yi tsawo. Kuma abin haushin, yawanci tana da gaskiya.

Zafi ba baƙonmu ba ne, a cikinsa aka haife mu. Amma na shekarun nan wani iri ne. Kwano yakan ɗau wuta tun hantsi, fanka ta riƙa juya iska mai ƙuna, cokali ma sai ka tsoma shi a ruwa kafin ka kai baki. Gam ɗin Apa yakan bushe kafin ta kai takarda, gumi kuma ya ɗiga ya ɓata kala.

Bara waccan, a tsakiyar Mayu, ina murza papad, siririn faifan garin waken nan da ake shanyawa a gasa, sai na ji wani abu ya ɓace. Na ɗan jima kafin na gane mene ne: kacau-kacau ɗin ce ta tsaya. Na kira ta, shiru. Na taka duro na leƙa ta saman bango, sai ga ta kife a kan takardunta. Ban san ina da ƙarfin ɓalle ƙofa ba sai ranar. A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, ta farfaɗo, kalmar farko da ta faɗa ita ce wa ya taka mata takardu.

Mustak ya taso daga Surat, inda yake aiki da injin surfani. Dogo ne, mai ƙarancin magana, ya ɗauko taurin kan uwarsa kaf. Ranar da aka sallamo ta ya tsaya a tsakiyar ɗakin, kansa ya kusa taɓa kwano, ya ce:

"Ammi, haɗa kayanki. Surat za mu."

"In yi me a Surat? In zauna a saman bene ina ƙirga motoci?"

"Ki zauna da ranki. Ɗakin nan ya ci Abba, ba zan bari ya ci ki ba."

"Kai, ka iya bakinka. A ɗakin nan aka haife ka. Waye zai san ni a can? Wa zan yi wa faɗa?"

"Ga jikokinki."

"Su tsorona suke ji, ba su rama. Jetun ce mai ramawa."

Ni ce Jetun, wadda Mustak ke kira Khala, wato inna, kuma ina tsaye a bakin ƙofa. Ban san ko yabo ne ko zagi ba.

Ana cikin haka Hetal-ben ta yi sallama. 'Yar ƙungiyar mata ce masu gyaran gidajen talakawa, siririya, da jaka a kafaɗa da lema a hannu, tana bin gidajen da zafi ya kwantar da mutane. Ta saurara, sannan ta ce akwai abin da ake gwadawa a wasu unguwanni: a shafe kwano da fari, rana ta daka ta koma, ɗaki ya rage zafi. Ta fito da ma'aunin zafi, ɗan katako da jan ruwa a cikin gilashi, ta ce za ta rataye wa kowane ɗaki guda, ta riƙa zuwa tana ɗaukar abin da ya nuna, don a gane ko abin na aiki ko surutu ne kawai. Ta ce haka ake yi a wasu garuruwan, sai a haɗa a kwatanta.

Mustak ya karɓi ma'aunin ya jujjuya shi. Ya tsinko zaren patang, ruwan hoda, ya ɗaure shi tam a kan lamba arba'in.

"To, Ammi. Na ba ki zuwa Mayu mai zuwa. Zan zo da kaina in zauna a nan da tsakar rana. In jan nan ya haura zaren, ba gardama, sai Surat."

"In bai haura ba fa?"

"In bai haura ba, ki ci gaba da takura wa Khala Jetun."

Ta miƙa masa hannu suka tafa kamar 'yan kasuwa. Daga ranar Hurbanu Apa ta sami sabon aiki, mu kuma muka shiga uku.

Sai da damina ta wuce ta fara bin mu ɗaki-ɗaki. Hetal-ben ta riga ta gaya mata cewa tunda rufin ɗaya ne kuma bango bai kai sama ba, shafa nata kaɗai aikin banza ne, zafin maƙwabta zai tsallako. Mutum huɗu suka yarda, wasu don sun gamsu, wasu don ta tashi daga ƙofarsu. Ni na ce a'a.

Kuma ina da hujja, har gobe ina nan a kanta. Papad nake yi, a kan kwanon nan nake shanyawa. In na hau tsani na shimfiɗa tsohon zane na jera su, rana na gasa su ta sama, kwano na gasa su ta ƙasa, kafin la'asar sun bushe ƙarau. Zafin da ke kashe Apa shi ke ciyar da gidana. Na gaya mata haka a fili.

"Jetun, papad ɗinki ya fi raina ke nan?"

"Apa, kar ki ɗora min. Ranki a hannun Allah yake, papad ne a hannuna."

"Bakinki dai ya fi hannunki aiki."

"A wurinki na koya."

Suka yi aikinsu ba ni. A Disamba suka yi, don sanyi ne, kwano ba ya ƙona ƙafa. Farar ƙasa suka dama, suka hau da tsintsiya da buroshi, Apa na ƙasa tana ba da umarni da sandar gora. Da aka gama, rufin ya yi fari fat daga wancan ƙarshe har zuwa kan bangona, nawa kuma ya tsaya baƙi kamar ruɓaɓɓen haƙori. Na ɗauki papad guda na ɗora a kan farin nata don gwaji. Da la'asar na sauko da shi yana lanƙwasa, na kaɗa mata shi a fuska. Ta karɓa, ta duba, ta ce na murza shi da kauri.

Abin da babu wadda ta tuna a cikinmu, har da Hetal-ben mai karatu, shi ne Janairu na tafe. Mu da muke ci da patang! Ranar biki duk Ahmedabad kan rufi take hawa. In zare ya yanke wa wani, patang ɗinsa ya taho yana lilo, samarin unguwa kaf sukan bi shi a guje ta kan rufin mutane, ba mai kallon inda yake takawa. Tun safe muke jin dididi a kanmu kamar ana sussuka. Apa ta fito da sandarta tana ihu su sauka, wa zai ji ta cikin ganguna da kururuwa? Washegari ta sa aka riƙe mata tsani ta leƙa. Farar ƙasar ta kankare, sai sawun ƙafa da jan rinin zare da ɓawon rake. Ta sauko a hankali, riƙe da wani yagaggen patang kore. Ta juya shi ta ga yadda aka manna kusurwar.

"Nawa ne," in ji ta. "Ni na haɗa shi da hannuna."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ta harare ni, ta harare ni, sai ita ma ta fashe.

A Fabrairu Hetal-ben ta zo da labari cewa za a yi taron mata daga garuruwa daban-daban a Jodhpur, kowa ta kawo abin da ma'auninta ya nuna da abin da ta koya, kuma lungunmu zai tura mutum ɗaya. Ba a yi zaɓe ba, Apa ta riga ta wanke mayafinta. Matar da ba ta taɓa wuce Dholka ba ta hau jirgin ƙasa, da ƙunshin abinci da zai ishi mutum biyar.

Ta dawo muryarta ta ƙara girma. A bakin famfo ta tara mu ta ba da rahoto. Ta ce akwai matan Bhopal, akwai na Ranchi, akwai na Jodhpur ɗin. Wasu farin fenti suka shafa, wasu tabarmar gora suka shimfiɗa a ƙarƙashin kwano, wasu kabewa suka bari ta yaɗu a kan rufi. An manna sakamakon kowane gari a bango, ana gani ƙuru-ƙuru wanne ya sauko da zafi, wanne bai yi komai ba. Da aka zo kan Behrampura babu abin nunawa, sai ta miƙe ta ba su labarin bikin patang daga farko har ƙarshe. Ta ce ɗakin taron ya kusa rushewa don dariya, amma bayan an gama sai ga mata suna zuwa suna tambaya, don ashe kowane gari yana da ranar da jama'a ke hawa rufi ko watsa kala. Aka tsayar da magana: a shafa bayan biki, kafin zafi.

"Ni na koya musu wannan," in ji ta, tana gyara mayafi.

"Wato kin je har Jodhpur kin koya musu yadda ake ɓata aiki," na ce.

"Ke ma na kai ki. Na ce ina da maƙwabciya mai kan dutse, mai papad."

"Apa! Sunana kika kai gaban matan jihohi uku?"

"Huɗu. Kuma an samo miki magani."

Wata Gulab-bai ce, mai shanya barkono a Jodhpur, ta nuna mata hoto a waya. An shafe rufi da fari, sannan aka ɗora bulo huɗu a kai, aka aza tsohon kwano guda da aka shafa wa baƙi. Baƙin kwanon yana ɗaukar wuta ya busar da kaya, iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa, rufin kuma yana cikin inuwa. Na saurara har ƙarshe. Na ce barkono daban, papad daban, kuma ban ga dalilin da zai sa wata mata a Jodhpur ta tsara min rufina ba. Gaskiyar magana haushin kai sunana taro ne bai sake ni ba.

A Maris suka sake hawa. Wannan karon sun wanke kwanon tas, suka shafa farin fenti na gaske wanda ƙungiya ta samo musu, shafi biyu, na farko a tsaye na biyu a kwance, yadda matan Bhopal suka ce. Daga nan sai bakin famfo ya koma wurin gasa. Kowace mace ta zo ɗiban ruwa da labarin ma'auninta, kamar masu kwatanta sakamakon jarrabawar 'ya'ya. Mai ɗakin farko ta fi kowa baki, don nata ya fi sauka. In Hetal-ben ta zo ta ɗauki hotunan ma'aunan a waya, sai ta karanta mana na Bhopal da Jodhpur, mata su yi ta tsaki ko guɗa kamar ana ƙwallo.

Na Apa ne ya ƙi sauka yadda ya kamata. Kowa ya san dalili, ba mai faɗa a gabana. Kwanona na dafa iska, iskar na bi ta saman bango ta sauka a kanta. Afrilu bai yi nisa ba jan ya riga ya taɓa zaren Mustak, ga Mayu ko ƙofa bai ƙwanƙwasa ba.

Na zaci za ta zo da rigima, na ma shirya amsoshina. Ba ta zo ba. Wata ranar da hantsi ina murza papad, sai na ji ƙarar jan akwatin ƙarfe a ƙasa. Na san akwatin, da shi aka kawo ta daga ƙauye, a ƙarƙashin gado yake zaune. Na ji ta buɗe shi, na ji tana kaɗe tufafi tana ninkewa. Muciyar murzawa ta tsaya a hannuna. Na tuna ranar da kacau-kacau ta ɗauke, na ga in ta tafi haka ɗakin zai zama kullum, ko kuma a zuba min wasu baƙi masu kunna waƙa. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba, tsoron rasa matar da na yi rabin rayuwata ina faɗa da ita.

Na shiga ɗakinta ba sallama.

"Apa, ina da dabara. Ranar da Mustak zai zo, mu rataye ma'aunin a bayan randa, mu jiƙa buhu mu lulluɓe. Ko kusa da zaren ba zai je ba."

"Sai kuma me?"

"Sai ya koma Surat shi kaɗai."

"Ni kuma in zauna in dahu, ki sake ɓalle min ƙofa. Ba ki biya ni ta farkon ba ma." Ta ci gaba da ninki. "Kuma Hetal za ta ɗauki hoton ƙarya ta aika Jodhpur, wata baiwar Allah ta gani ta ce a Behrampura an shafa biyar an bar ɗaya kuma ya yi aiki. A'a, Jetun. In ya haura, ya haura."

Har yau ina ganin dabarar nan ba ta da laifi. Amma na koma ɗakina na tashi Gulamnabi daga kishingiɗa, na ce ya nemo min tsohon kwano da bulo huɗu. Ya ce ba ni ce na rantse ba za a taɓa min rufi ba? Na ce gwaji zan yi don in ƙaryata matar Jodhpur, kuma in ya sake tambaya zai ci abincin rana a masallaci.

Da asuba, kafin kwano ya yi zafi, matan lungu suka hau. Ba wadda ta yi min gori, abin da ya fi gorin ciwo. Apa na ƙasa da sandarta tana cewa an bar kusurwa, an bar kusurwa. Da fentin ya bushe muka aza baƙin kwanon a kan bulo, na jera papad. Kafin a kira azahar sun bushe ƙarau, har gefensu ya ɗan ɗaga. Apa ta tsaya a gindin tsani tana jira.

"Yaya?"

"Ba laifi," na ce.

"Ba laifi kawai?"

"Na murza su da siranta ne yau."

Jan ma'auninta ya sauka ƙasa da zare. Amma Mayu ya shigo da ƙarfinsa, kullum sai ya ɗan ƙara hawa, mu kuma kullum sai mun leƙa. Akwatin nan ba ta mayar da shi ƙarƙashin gado ba, yana nan a bakin ƙofa a ɗaure.

Mustak ya zo a ranar da ko karnuka sun shige ƙarƙashin motoci. Ya ce wa mai riksha, keken haya mai ƙafa uku da ya kawo shi, ya jira a bakin lungu, don ya riga ya yanke wa kansa yadda za ta kaya. Ya gaishe ni, ya kalli akwatin, ya kalli ma'aunin, ya duba ko an taɓa zarensa. Har bayan randa ya leƙa, abin da ya ba ni haushi ƙwarai. Uwar ta zuba masa shinkafa da miyar wake, na kawo papad na gasa masa. Ya ci ya ƙoshi, ya jingina da bango yana fuskantar ma'aunin, ya harɗe hannu a ƙirji.

"Sai rana ta take sosai, Ammi. A nan zan zauna."

"Zauna mana. Wa ya kore ka?"

Ta jawo takardunta ta ci gaba da aiki. Kacau-kacau, kacau-kacau, fanka na juyawa a sama. Ni ina bakin ƙofa, matan lungu na bayana suna leƙe. Jan ya hau, ya ƙara hawa. Ina kallonsa ina karanto duk addu'ar da na sani. Da na waiwayo don in ga fuskar Mustak, sai na ga kansa ya langaɓe a kafaɗa, bakinsa a ɗan buɗe. Barci yake yi, har da minshari.

Jan ya zo dab da zaren, saura kaurin farce, ya tsaya. Muka jira, bai motsa ba.

"Apa, tashe shi ya gani," na ce da raɗa. "Yanzu ne lokacin. Tashe shi mana."

"Bar shi."

"In ya wuce zai ce bai gani ba."

"Na ce ki bar shi, Jetun." Ta ajiye takardar hannunta tana kallonsa. "Tun ranar da babansa ya kwanta a nan, yaron nan bai sake rufe ido da rana a ɗakin nan ba. Gindin bishiyar masallaci yake tafiya. Ko zazzaɓi yake yi sai ya fita."

Mai riksha ya fara danna hon a bakin lungu, na fita da sauri na toshe masa baki da shayi da papad biyu.

Kiran la'asar ne ya tashe shi. Ya zabura, ya goge baki, ya kalli ma'aunin. Jan ya riga ya sauko.

"Ai wannan ba hujja ba ce, rana ta yi sanyi. Me ya sa ba ku tashe ni ba?"

"Khala Jetun ta gani, matan lungu sun gani," in ji uwar. "Amma gaskiyarka, kai ba ka gani ba. Kwana, gobe ka sake zama. Sai dai ka ce a riƙa zungurinka."

Ya kalli inda ya kwanta, ya kalli gadon da ke kusurwa, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙe, ya ɗaga hannu a hankali, yadda mutum ke taɓa tukunyar da bai tabbata ta huce ba, ya ɗora tafinsa a jikin kwanon. Ya bar shi a wurin.

"Shafi nawa kuka yi?" ya tambaya.

"Biyu. Ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Amma sai ka wanke tukuna."

"A kan siminti ma yana yi? Mu a saman bene muke, yaran ba sa iya barci."

"Matan Bhopal a kan siminti suka yi. Zan sa Hetal ta tura maka nasu. Kuma kar ka kuskura ka sake shafawa kafin bikin patang."

Ya sunkuya ya ɗauki akwatin ƙarfen. Na zaci riksha zai kai shi. Sai ya durƙusa ya tura shi ƙarƙashin gado, can ciki, inda yake tun farko.

Akwai ragowar fenti rabin bokiti a ɗakina. Shi aka ɗora a kujerar riksha da aka tanadar wa Apa, da buroshi biyu da ƙunshin papad. Muka tsaya a bakin lungu har suka sha kwana. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin riksha ne. Ni ma na ce shi ne.

Na koma ɗakina na ɗauki muciyar murzawa. Ban jima ba na ji kacau-kacau ta taso daga bayan bango, sannan muryarta ta biyo ta sama:

"Jetun, papad ɗin da kika ba yarona gishiri ya yi yawa."

"Ko ɗanɗanawa ba ki yi ba, Apa."

"Ba sai na ɗanɗana ba. Ina nan, zan riƙa gaya miki."